Matatun Mota da Warin Na'urar Sanyaya Iska

Duk wanda ya ga yadda ake tankaɗe gari da rariya ya riga ya fahimci aikin filta. Abu ne mai ƙananan kafofi da ke barin iska ko mai su wuce, ya tare datti. Injin mota ma numfashi yake yi. Kafin ya ƙona giram 1 na fetur sosai, sai ya haɗa shi da kimanin giram 14.7 na iska. Ke nan kowace lita ta fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000. Idan wannan iska ta shiga da ƙura, ƙurar za ta riƙa goge jikin silinda da ringi kamar yadda yashi ke goge tukunya, har injin ya fara shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi. Wannan ya fi tsanani da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi.

Filta huɗu ake samu a yawancin motocin zamani. Ta farko ita ce filtar iska, wadda ke tace iskar da injin ke shaƙa. Takarda ce da aka nannaɗe ta lanƙwasa-lanƙwasa domin ta sami faɗi mai yawa a cikin ɗan ƙaramin wuri. Ta biyu filtar baƙin mai, mai tare ɓurɓushin ƙarfe da gawayin da ƙuna ke bari. Ta uku filtar fetur ko dizal, mai hana tsatsa da datti toshe hanyar mai. Ta huɗu filtar cikin mota, wadda ke tace iskar da fasinja ke shaƙa, kuma galibi tana bayan aljihun dashbod.

Wajen saye, abin dubawa na farko shi ne lambar filta. Motoci biyu na kamfani ɗaya suna iya bambanta a inji, don haka a duba littafin mota, ko a ɗauki tsohuwar filtar a kwatanta tsawo, faɗi, ƙofar zare da robar baki. Jabun kaya sun yi yawa, kuma araha ba ta ado. Filtar baƙin mai ta ƙwarai tana da bawul biyu a ciki. Ɗaya yana hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota, domin kada injin ya tashi a bushe da safe. Ɗayan yana buɗe wata hanya idan takardar ta toshe, domin kada mai ya yanke. Jabu takan rasa ɗayansu, ko takardarta ta yage, alhali daga waje babu alama.

Ana sauya filtar baƙin mai duk lokacin da aka yi juyen mai. A shafa ɗan mai a robar sabuwar, a tabbatar robar tsohuwar ba ta manne a jikin injin ba, sannan a ɗaure da hannu. Filtar iska kuwa a ɗaga ta a hasken rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta ƙare. Kada a wanke ta takarda da ruwa, kada kuma a hura mata iska mai ƙarfi, domin kafofinta za su buɗe ƙura ta wuce. Filtar cikin mota akan sauya ta sau ɗaya a shekara, ko fiye inda ƙura ta yi yawa, kuma a bi kibiyar da ke jikinta mai nuna hanyar iska.

To, daga ina warin na'urar sanyaya iska yake fitowa? Ku zuba ruwan ƙanƙara a kofin silba, ku ajiye na mintuna kaɗan. Za ku ga bayansa ya yi gumi. Ruwan bai ɓullo daga cikin kofin ba. Danshin da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa, kamar raɓa. Haka yake faruwa a bayan dashbod, inda akwai wani ƙarfe mai siraran fikafikai da iskar gas ke sanyaya shi. Ruwan da ke taruwa a jikinsa yana bin wani ɗan tiyo ya ɗiga ƙasa, shi ne ruwan da kuke gani ƙarƙashin mota. Idan aka kashe mota, wurin yakan zauna da jiƙa, da duhu, da ɗumi, ga ƙura ta zama abinci. Nan fumfuna da bakteriya ke hayayyafa, kuma su ne ke fitar da wari irin na jiƙaƙƙen tsumma. Yana iya tayar wa mai asma da tari da atishawa.

Turare ba ya magance wannan, rufe shi kawai yake yi. Da farko a sauya filtar cikin mota. Mai ɗauke da gawayi tana kama wari fiye da ta takarda zalla. Sannan a duba tiyon ruwa. Idan na'ura ta yi aiki da damina amma ruwa bai ɗiga ba, ko kafet ɗin gaba ya jiƙe, tiyon ya toshe, sai a buɗe shi a hankali. A kwashe ganyaye da suka taru a ƙasan gilashin gaba, inda iska ke shiga. Daga nan a fesa maganin wankin da aka yi musamman don wannan ƙarfe, a bar tagogi a buɗe har ya bushe. Don rigakafi, a kashe sanyi mintuna kaɗan kafin a isa gida, a bar fanka tana hurawa ta busar da ƙarfen. Amma idan warin fetur ne ko na ƙonewar waya, a tsaya nan take a nemi bakanike.

Aiki ga ɗalibai: idan mota ta sha lita 40 ta fetur, lita nawa ta iska ta ratsa filtarta? Me ya sa warin ya fi yawa da damina fiye da hunturu?