Amsar Tambaya: Idan Kan Harsashi Ya Nutse Fiye da Ƙima

Malam, wasiƙarka daga Amurka ta iso, inda ka ce kana ɗura harsasan farautarka da hannunka, kamar yadda dokar can ta halatta, sai ka tarar waɗansu kawunan sun nutse cikin kwanso fiye da ƙima, waɗansu kuma sun yi tsawo.

Wanda ya yi tsawo lamarinsa mai sauƙi ne, muddin ba ka matse bakin kwanson ba: ka sauke dunƙulen na'urar danna kan kaɗan, ka sake dannawa, ka auna. Hukumar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade iyakar tsawon harsashin .308 Winchester a inci 2.810, kuma kan da ya taɓa zanen cikin bututun bindiga yakan ɗaga ƙarfin fashewa.

Amma wanda ya nutse, a nan ne nake roƙonka ka yi hattara matuƙa, domin gwargwadon yadda ya ƙuntata wa albarushi wuri, haka ƙarfin zai iya hauhawa, alhali kuwa fuskarka tana dab da wurin. Ka sa tabarau, ka zare kan gaba ɗaya da gudumar roba da aka ƙera domin haka, ka sake auna albarushin bisa littafin masana'anta, sa'an nan ka sake matse wuyan kwanson, tun da zarewa takan sassauta riƙonsa. Duk wanda ka yi shakkarsa, kada ka kuskura ka harba shi da sunan gwaji.