SUNA DA LAMBA: NAZARIN SAUYA SUNAYEN ANDROID DA RAƊIN SUNAN IRI A KARKARAR AREWACIN KANO

1.0 Gabatarwa

A ranar 22 ga watan Agusta, 2019, kamfanin Google na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar cewa ya daina raɗa wa babbar manhajarsa ta wayar hannu, watau Android, sunayen kayan zaƙi, ya koma kiran kowane sabon zubi da lamba zalla. A ido, wannan magana ce ta masu sana'ar kwamfuta. Amma ɗalibin harshe yana da rabo a cikinta, domin dalilan da kamfanin ya bayar dalilai ne na furuci da ma'ana da al'ada. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan sunaye, ta auna su da ma'aunin Hausa, sa'an nan ta kwatanta su da yadda ake raɗa wa irin shuka suna a karkarar arewacin Jihar Kano, inda manomi ya daɗe yana fama da matsalar suna da lamba tun kafin waya ta shigo hannunsa.

2.0 Babbar Manhaja da Zubinta

Babbar manhaja ita ce ginshiƙin da ke tafiyar da waya, kuma a kanta sauran ƙananan manhajoji suke hawa. An kafa kamfanin Android a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da manhajar kuwa ta fito a 2008. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung, waɗanda Bahaushe ke kira babbar waya, galibinsu a kanta suke tafiya. Lokaci-lokaci akan sabunta manhajar a fito da ita da gyare-gyare. Kowace irin wannan fitowa ita ake nufi da zubi a cikin wannan maƙala.

Daga 2009 zuwa 2018 kowane babban zubi yana da lamba, yana kuma da suna, sunayen kuwa an jera su bisa haruffan Turanci kamar haka:

Cupcake, 1.5, 2009
Donut, 1.6, 2009
Eclair, 2.0, 2009
Froyo, 2.2, 2010
Gingerbread, 2.3, 2010
Honeycomb, 3.0, 2011
Ice Cream Sandwich, 4.0, 2011
Jelly Bean, 4.1, 2012
KitKat, 4.4, 2013
Lollipop, 5.0, 2014
Marshmallow, 6.0, 2015
Nougat, 7.0, 2016
Oreo, 8.0, 2017
Pie, 9, 2018

Hikimar tsarin ita ce harafin farko ya nuna wanda ya girmi wani. Da aka zo kan harafin Q sai aka yanke jerin, zubin da ya fito a watan Satumba na 2019 aka kira shi Android 10. A lokaci guda aka sauya tambari: rubutun sunan ya tashi daga kore ya koma baƙi saboda masu raunin gani, mutum-mutumin da ke tambarin kuma aka bar kansa kawai.

3.0 Dalilan Sauyi Bisa Ma'aunin Hausa

Dalili na farko da kamfanin ya kawo shi ne akwai harsunan da ba sa bambance sautin l da r, saboda haka wanda ya ji Lollipop da kunne ba lalle ne ya gane cewa shi ke bin KitKat ba. Hausa tana bambance waɗannan sautuka, amma duk da haka sukan yi musanya. A tsakanin kare-karen harshen ana samun harshe da halshe, garma da galma, marka da malka. A kalmomin aro kuwa l na ƙarshen kalma yakan rikiɗe ya zama r, kamar a tebur da kyandir da fensir.

Kalmar fensir ta tona wata matsalar. Hausa ba ta ware p daban da f, don haka Pie a bakin Bakano sai ya fara da sautin da Froyo ke farawa da shi, alhali shekara takwas ce a tsakaninsu. Bugu da ƙari, babu P ko Q a cikin haruffan Hausar boko, kamar yadda babu ɓ da ɗ da ƙ a na Turanci. Ke nan jerin da aka dogara a kansa ba jerin kowa da kowa ba ne.

Dalili na biyu na al'ada ne. Kamfanin ya yarda cewa wasu daga cikin abubuwan da ya ɗauko ba a san su a wurare da dama ba, wasu kuma ba a ɗauke su kayan zaƙi ba. Lalle kuwa, in aka cire alewa mai tsinke da saƙar zuma, sauran baƙi ne a ƙauyen Hausa, su biyun ma da sunan Turanci suka zo. Da a ce an jera su da alkaki da dubulan da gireba da nakiya, da mutumin Amurka ne zai tsaya yana tambaya. Sunan da ba ya kawo hoton kome a zuciyar mai ji ya rasa rabin aikinsa.

4.0 Suna Mai Ɗauke da Lamba a Hausa

Ɓoye jeri a cikin suna ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Malami yakan raɗa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, sa'an nan ya bambance su da ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru, watau na ɗaya har zuwa na goma. Akwai kuma sunayen da ke nuna matsayin haihuwa, irin su Tanko ga namijin da ya biyo mata, Kande ga macen da ta biyo maza, Gambo ga mai bin tagwaye, da Auta.

Sai dai abin lura shi ne yadda ƙidayar ta dushe. A yau ana raɗa wa ɗan fari Sani ko Salisu domin an yi wa kaka ko aboki takwara, kuma da yawa daga masu amsa Tasi'u ba su san cewa tara ce a cikin sunansu ba. Darasin da ke nan shi ne jerin da aka ɓoye a cikin suna yana aiki ne muddin mai ji ya san harshen da aka ɗauko jerin daga cikinsa. Abin da ya sami ƙidayar Larabci a bakin Hausawa shi ya sami haruffan Android a bakin duniya.

5.0 Sunayen Iri a Karkarar Arewacin Kano

Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Dawakin Tofa ta nufi Minjibir da Bichi da Ɗambatta ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960. Gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace damina ba hutu, da taimakon taki, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Wanda gonarsa ba ta da faɗi ba ya da wurin gwaji. In ya shuka irin da ba shi ya nufa ba, abincin shekara da harawar dabbobi ne a kan siraɗi.

Ingantaccen iri yakan iso wannan yanki da sunaye har hawa uku. Hawa na farko lambar masu bincike ce. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, mai gonar gwaji a Minjibir, tana da wake mai lamba IT97K-499-35. Hawa na biyu sunan rajista ne. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana haɗa gutsuren Samaru da gutsuren sunan amfanin gona a Turanci, sai a sami SAMPEA ga wake, SAMNUT ga gyaɗa, SAMSORG ga dawa, SAMMAZ ga masara, kowanne da lamba a bayansa. Wancan wake shi ya zama SAMPEA 10 a 2008.

Hawa na uku shi ne sunan da manomi ke raɗawa da kansa, kuma hanyoyinsa sanannu ne:

(a) Launi, kamar Farafara a dawa, da jan wake da farin wake.
(b) Siffa, kamar Kanannaɗo a wake da Mai Bargo a gyaɗa.
(c) Wurin da iri ya fito, kamar 'Yar Dakar, gyaɗar da asalinta daga Senegal ne, mai lamba 55-437.
(d) Sunan mutum, kamar Ɗan Ila, da shinkafa Jamila, da wani ingantaccen wake da aka raɗa wa Kwankwaso, sunan tsohon gwamnan jihar.
(e) Gutsure lambar kanta a mai da ita kalma. Geron SOSAT-C88 ya zama Sosat. Shinkafar FARO 44, wadda lambarta ta asali ta fara da SIPI, ta zama Sipi a bakin masu noman rani.

A nan sai a ga an yi hannun riga da Google. Kamfanin ya tashi daga suna ya koma lamba domin jama'a su gane, manomi kuwa lamba aka miƙa masa ya mai da ita suna domin ya riƙe. Haka ya yi wa waya ma tun zuwanta a 2001: akwai mai tocila, akwai 'yar Chana, akwai raka-ni-kashi.

6.0 Ƙarfi da Raunin Kowanne

Ƙarfin suna shi ne yana zama a baki, yana kuma bayyana hali. Rauninsa shi ne ba shi da mai tsaronsa. Suna ɗaya yana iya hawa kan iri biyu a kasuwanni biyu, kuma mai awo yana iya kiran gaurayen wake da sunan da ake yayi.

Ƙarfin lamba shi ne kwatance. Misali ya zo a watan Oktoba na 2023, lokacin da WhatsApp ya daina aiki a kan duk zubin Android da ke ƙasa da 5.0. A ɗauka manomi ya sayar da buhun wake ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano domin sayen ta hannu, wadda zai riƙa jin farashin Dawanau da ita. In aka ce masa KitKat ce a kanta, bai ji kome ba. In aka ce masa 4.4 ce, alhali 5 ake bukata, duk wanda ya taɓa ƙirga mudu ya san huɗu ba ta kai biyar ba, kuɗinsa kuma sun tsira.

Amma lamba ma tana da nata ruɗin, domin kunne yana ɗauka cewa babba ta fi ƙarama. A wajen iri ba haka ba ne. SAMPEA 11, wanda aka yi wa rajista a 2009, lambarsa ta bincike IT89KD-288 ce, watau aikinsa ya girmi na SAMPEA 10. Na 10 an san shi da jure wuta-wuta, na 11 kuwa mai daɗewa ne a gona, mai yawan harawa. Manomin da wuta-wuta ta addabi gonarsa, in ya zaɓi 11 don ya fi 10 a ƙidaya, ya yi kuskure. Lambar tana nuna jerin rajista ne kawai. Ko a wajen waya lamba takan yi tsalle: kamfanin Apple, wanda ya sauya sunan manhajarsa daga iPhone OS zuwa iOS a 2010, ya tashi daga iOS 18 ya dira kan iOS 26 a 2025, domin ya koma ƙirga da shekara.

Har wa yau, Google bai rabu da kayan zaƙi ɗungurungum ba. Ma'aikatansa sun ci gaba da amfani da su a cikin gida, inda Android 13 ya amsa Tiramisu, Android 16 na 2025 kuma ya amsa Baklava. Wannan ya yi daidai da al'adar sunan yanka da laƙabi, inda ɗaya yake shiga takarda, ɗayan kuma ake kira da shi a tsakar gida.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa suna yana riƙe abu a ƙwaƙwalwa, lamba kuwa tana sa shi a jeri, kuma babu wanda ya isa ya ɗauki aikin ɗan'uwansa. Saboda haka ya kamata masu sayar da iri su riƙa rubuta sunan rajista tare da sunan da manoman yankin suka sani a jikin kowace jaka, da boko da ajami. Masu fassara bayanan waya zuwa Hausa kuma su fifita lamba a duk inda ake maganar abin da waya za ta iya ɗauka.

Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban sashen Hausa, musamman 'yan asalin wannan yanki. Sunayen da manoma ke raɗa wa iri suna shuɗewa tare da irin, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga ƙamus. Ɗalibin da ya yi hutun damina yana tattara su daga bakin dattawan garinsu, yana rubuta ma'anar kowanne da lambar da ta dace da shi, ya yi wa nazarin ƙirar kalma hidima, ya kuma sauƙaƙa wa malamin gona da manomi fahimtar juna.