Darasin Kimiyya: Me Ke Tafiya a Cikin Batir?

Darasinmu na wannan wata a kan batir ne. Daga Ɗambatta zuwa Bichi da Kunchi, da wuya ka shiga gidan da babu rediyo ko tocila ko wayar hannu. Duk batir ke tafiyar da su.

Batir yana da ɓangare biyu, da wani abu a tsakaninsu. A batirin mota, ɓangarorin na dalma ne, tsakaninsu kuma ruwan batir. Akwai waɗansu ƙwayoyi masu ɗauke da caji, waɗanda ido ba ya gani, ana kiran su ayon. Su ke ratsa ruwan nan. Da sun daina tafiya, sai wuta ta ɗauke.

A batirin waya, ayon na ƙarfen litiyam ne. In ana aiki da waya, suna barin ɓangare ɗaya zuwa ɗayan. In aka yi caji, sai su koma inda suka fito.

Amma ruwa yana da illa. Na mota yana ƙona fata, na waya kuma yana iya kamawa da wuta. Shi ya sa masana ke neman abu daskararre da zai maye gurbinsa. Suna kuma gwada alminiyam, wanda ake zuba tukwane da shi, domin ya fi kowane ƙarfe yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 8 cikin 100. A 2015 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun haɗa batirin alminiyam mai karɓar caji, amma da ruwa a ciki.

To, ina wahalar take? Ayon na litiyam caji ɗaya yake ɗauka, na alminiyam kuwa uku. A cikin abu daskararre hanya matsattsiya ce, kamar burtali tsakanin gonaki. Jaki mai dami ɗaya yakan wuce. Mai dami uku kuwa, darni ke riƙe shi hagu da dama. Aikin masana shi ne samo hanyar da zai bi ba tare da ya maƙale ba.

Kafin su cim ma haka, mu kiyaye. Kada mu jefa batir a wuta, kada yara su fasa shi. In na waya ya kumbura, a daina aiki da shi.

Tambayoyi
1. Mene ne ayon?
2. Don me ake neman abu daskararre maimakon ruwa?
3. Me ke hana ayon na alminiyam saurin tafiya?