Fom Ɗinka na Intanet: Su Wa Suka Cike Shi?

Ƴan uwa ɗalibai, musamman ƴan HND II masu fama da furojet, yanzu kusan kowa ya koma Google Forms. Ka tsara tambayoyi, ka jefa linki a guruf na WhatsApp, kafin kwana uku amsa 200 ta taru. Ba kuɗin mota, ba fotokwafi, ba fargabar hanya.

Manyan masu bincike ma haka suke yi. A 2005 kamfanin Amazon ya buɗe Mechanical Turk, inda ake biyan mutane ƴan kuɗi su yi ƙananan ayyuka ta intanet, masana halayyar ɗan Adam kuma suka mai da shi wurin neman masu amsa tambayoyi. A 2014 aka kafa Prolific a Ingila don wannan aiki. To amma ranar kare furojet, tambaya ɗaya na jiranka: su wa suka cike fom ɗin nan?

A ce takenka shi ne yadda rashin tsaro ya shafi noma a Wonaka, cikin ƙaramar hukumar Gusau. Manomin da ya bar gonarsa, wataƙila ƙaramar waya gare shi, babu data, fom ɗinka kuma da Turanci yake. Haka tsoho, haka matar aure a cikin gida. Mai danna linkin shi ne abokin karatunka, ko ɗan Wonaka mazaunin Gusau ko Kaduna. Ba ƙarya suka faɗa ba, sai dai ra'ayin masu babbar waya ka tara, ka laƙaba wa manoma. Ku tuna Satumbar 2021, lokacin da hukumar NCC ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Kusan duk wanda ya cike fom a makonnin nan, ai ba a jihar yake ba.

Wani zai ce, "To in na tara dubu fa?" An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma bincike bai san wannan karin magana ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsa fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, talaka bai shiga lissafi ba.

Matsala ta biyu ita ce amsar bogi. Ka yi alkawarin katin waya, mutum ɗaya ya cike sau biyar. A 2023 masu bincike a jami'ar EPFL ta Suwizalan sun ƙiyasta cewa kashi 33 zuwa 46 cikin 100 na ma'aikatan Mechanical Turk da suka ba aikin taƙaita rubutu, manhaja irin ChatGPT ce ta yi musu.

Ga abin yi:

1. Take ya dace da masu amsa. In ɗalibai ne suka cike, a rubuta ɗalibai.

2. Ka kunna wurin da ke hana mutum cikewa fiye da sau ɗaya. Ka sani wannan na bukatar adireshin Google, wasu za su faɗi.

3. Ka saka tambayar gwaji, misali "A nan zaɓi amsa ta uku." Wanda ya kuskure ba karantawa yake ba, a cire shi.

4. Ka fassara tambayoyin zuwa Hausa, ka haɗa da kiran waya, ko ka samu mutanen garin a kasuwa da tasha a Gusau. Kada ka jefa kanka hanyar da ba ta da lafiya saboda maki.

5. Ka nemi yardar mutum tukuna. Kada ka tambayi suna ko lambar waya a batun tsaro. Fom ɗin da ya nuna wane ya faɗi kaza game da ƴan bindiga, in ya fita, rai ne a ciki.

6. A babi na uku ka faɗi inda ka raba linkin, mutum nawa suka amsa, nawa ka cire, da waɗanda ba ka kai gare su ba.

Sufabaiza zai karɓi amsa 80 da ka san masu su, kafin ya karɓi 500 da ba ka san daga ina suka faɗo ba. Allah Ya ba da sa'ar furojet.