Zaga cikin birnin Kano da ƙafa: ta ina za a fara?

Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya. Yana son ya kai ɗalibansa su ga tsohon birni da ƙafa, amma yana tsoron rana da cunkoso, kuma an ce masa ko inuwar hutawa ba zai samu ba.

Malam, tsoronka yana da tushe. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya hau Dala, gonaki da kududdufai da dabinai ya hango a cikin ganuwa. Yau gini ya cinye gonakin, an cike kududdufai da yawa da shara an ɗora gidaje, shi ya sa da damina ruwa ke rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, wadda ta shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007, ana ta ɗibar ƙasarta ana gini a jikinta. Abin yana min ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa nake so ka kai yaran nan tun da sauran abin gani.

Kuskuren yawancin baƙi shi ne bin titi. Titi na mota ne da adaidaita sahu, a nan rana da hayaƙi suke. Birnin don ƙafa aka gina shi, inuwarsa tana lungu, inda katangu suka kusanci juna, da gindin durumi ko ceɗiya a ƙofar masallaci. Sai dai lungu yana ɓatar da wanda bai san shi ba. Nemi ɗan unguwa ya yi muku jagora, kuma tunda da yara za ka zo, ka fara gaida mai unguwa.

Ku fito da sassafe, ku gama kafin hantsi ya dubi ludayi. Hunturu ya fi, ko da yake mai asma sai da takunkumi saboda ƙura. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kada ka gwada. Ranar Juma'a kuwa a bar wa masallata hanya.

Kada ka ce sai ka ga komai a rana ɗaya. Ranar farko ku hau Dala, inda Barbushe ya zauna. Daga ƙololuwa ka sa yara su nemo Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, su ƙirga inda suka ga kore da inda ruwa ke kwance. Da kun sauko su tambayi dattawa me ke wurin a da, domin sunaye kamar Durumin Iya da Rimin Kira ba a banza aka sa su ba. Daga nan ku gangara Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Hanyoyinta ƙanana ne, don haka ku jera ɗaya bayan ɗaya, babba a gaba babba a baya.

Rana ta biyu ku fara da karofin Ƙofar Mata. Ku tsaya ku ga yadda marini ke tsoma yadi a rami ya ɗago shi da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, sannan ku bi ƙarar mabuga masu dukan zane har ya yi ƙyalli. Ku ƙarasa Gidan Makama, kusa da Gidan Rumfa, inda za ku zauna a inuwa ku ga kayan tarihi.

Ka ja wa yara kunne: unguwa gidan mutane ce. A yi sallama a kowace majalisa, kada a wuce zaure sai an ce a shigo, kada a ɗauki hoton kowa, musamman mata, ba da izini ba. Marinin da ya bar aikinsa ya yi muku bayani, a saya wani abu a wurinsa ko a yi masa ihsani.

Kowa ya zo da gorar ruwa da rufaffen takalmi, saboda kwatoci, kuma ledar ruwan da aka sha ta koma jaka. In kuna son filin bishiyoyi na a baje tabarma a ci abinci, sai ku ware wata rana ku je Gidan Zoo na Audu Bako, a wajen ganuwa.