Littafin Taswira Domin Masu Kai Ɗauki a Ƙasar Gagarawa

Ya ku jama'ar Gagarawa da sauran ƙasar Gumel, ku sani cewa idan naƙuda ta tsananta wa mace da tsakar dare, ko gobara ta kama rumbuna, ko maciji ya sari manomi a bayan gari, ba nisan Babban Asibitin Gumel kaɗai ke jawo hasarar rai ba, har da lokacin da direba ke ɓatawa yana bin ƙofa-ƙofa da sallama, yana neman wanda zai nuna masa hanya. Matambayi ba ya ɓata, haƙiƙa, amma yakan makara.

Saboda haka ya wajaba a tsara littafin taswira wanda zai zauna cikin wayar direban motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, ya yi aiki ko babu intanet. Hikimar abin ita ce, waya tana gane inda take ne daga saƙon taurarin ɗan'adam, wanda ba ya bukatar sabis ko kati. Zanen ƙasar shi ke bukatar intanet, to, in an sauke shi tun a gari da manhaja irin OsmAnd, wadda ke ɗauko zanenta daga OpenStreetMap, har a dajin Maigatari da ke bakin iyakar Nijar za ta nuna hanya.

Al'amarin ba baƙo ba ne gare mu. Tun wajen 2012 masu rigakafin shan-inna a jihohin Arewa, har da Jigawa, suka fara barin taswirar da ake zanawa da hannu suka koma ga hoton tauraro, sai ga ƙauyuka da rugage sun bayyana waɗanda ba su cikin lissafi. Ran 25 ga Agusta 2020 kuwa aka shelanta kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Sai dai fa tauraro yana ganin jinka da dangar kara, alhali bai san sunan kowa ba, kuma a nan ne aikin ya zama farali kifaya a kanmu. Lalle ne hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, a zauna a rubuta kowane ƙauye da sunansa na takarda da kuma wanda bakin jama'a ya saba da shi, domin mai kiran waya cikin firgici ba ya tuna sunan ofis; inda kuma garuruwa biyu suka yi tarayya a suna, a bambance su da gunduma ko da wata alama, kamar kuka ko masallacin Juma'a. A kira 'yan acaɓa, kada a raina su, gama su ne suka san turbar da rairayi ke riƙe mota da rani, da wadda ruwa ke yankewa a watan Agusta, da burtalin da za a zaga ta nan. A sa rijiyoyi da tafkuna inda motar kashe gobara za ta ɗebi ruwa, da ɗakunan shan magani, da gidan ungozoma in ta yarda. Sirrin gidajen mutane kuwa amana ne, ba ya shiga.

Tun da rugage na tashi, hanyoyi na sauyawa, a riƙa sabunta littafin bayan girbi da kuma gab da faɗuwar damina. A kuma buga shi a takarda, kowace gunduma da shafinta, a ajiye ɗaya cikin kowace mota saboda ranar da caji ya ƙare.