Yadda Ake Raba Sauti da Hoton Bidiyo Ba Tare da Ya Raunana Ba

Ɗalibin da ya ɗauki bidiyon kwaɗi a bakin kududdufi da damina domin nazarin kukansu, sautin yake bukata, ba hoton ba. To, ta yaya zai ciro shi lafiya lau?

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya gane cewa fayil ɗin bidiyo irin su MP4 da MKV tamkar akwati ne. A cikinsa hoto yana gefe guda, sauti yana gefe guda, sai kuma bayanin da ke daidaita tafiyarsu. Saboda haka raba su bai wuce buɗe akwatin a ɗauko abin da ake so ba.

Inda ake yin kuskure shi ne wajen sauya wa sautin tsari. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar sauti daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ƙara mai ƙarfi takan danne mai rauni da ke kusa da ita. Tsare-tsaren matse sauti irin su MP3 da AAC sun dogara ne ga wannan gazawa ta kunne, wato sukan zubar da abin da ba zai lura da shi ba domin fayil ya ƙanƙance. Yawancin wayoyin salula da AAC suke ajiye sautin bidiyo. Idan aka mayar da shi MP3, an yi zubarwar sau biyu ke nan, kamar kwafar kaset daga wani kwafaffen kaset. Ga mai nazarin halittu wannan hasara ce, domin abin da kunne ya ƙyale yana iya zama abin da bincike ke nema.

Maganin shi ne kwafa kai tsaye. Akwai manhajar kyauta mai suna FFmpeg, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya soma a shekarar 2000. Sai a rubuta mata wannan umarni:

ffmpeg -i kwadi.mp4 -vn -c:a copy kwadi.m4a

Alamar -vn na nufin a bar hoto, -c:a copy kuwa na nufin a ɗauko sauti yadda yake. Cikin ƙanƙanen lokaci za a gama, tun da ba a sake matsa kome ba.

Abin lura a nan shi ne, mayar da sautin zuwa WAV ba ya rage shi, amma kuma ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Malamai na iya sa ɗalibai su gwada hanyoyin uku, su kwatanta girman fayilolin, sannan su bayyana dalilin bambancin.